Wai su wane ne ke zaɓen Le Pen a Faransa, talakawa ko masu hali?

Sadauki_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai, na ce bari in kawo shi nan tunda muna da mutanenmu mazauna Faransa da kuma 'yan Nijar masu jin Faransanci. A zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa na 2022 Marine Le Pen ta samu kashi 41 da ɗoriya cikin 100. Ƙididdigar kamfanin Ipsos ta nuna cewa a cikin leburori da ma'aikatan masana'antu da suka kaɗa ƙuri'a, kashi 67 ita suka zaɓa, manyan ma'aikata masu ofis kuwa kashi 77 Macron suka bi. Mu dai abin da aka koya mana shi ne ɗan ƙwadago a Turai na 'yan gurguzu ne, jam'iyyun ra'ayin riƙau kuma na masu dukiya. Ga shi matar nan a Neuilly aka haife ta, unguwar masu hannu da shuni, ta tashi a katafaren gidan da wani magajin masu kamfanin siminti ya bar wa mahaifinta. Ta ina ta zama uwar talakawa? Talauci ne ya tura su, ko ƙin baƙi ne kawai aka lulluɓe da kukan tsadar rayuwa? A yi mini bayani don Allah, ban da zagi.

DanDamagaram59:
Wa alaikumus salam. Ni a arewacin ƙasar nake, kusa da Lille, ina tuƙa motar ɗaga kaya a wani babban sito, don haka mutanen da kake magana a kansu da su nake wuni. In ka bar Lille ka nufi Lens, abin da za ka fara hangowa shi ne tsaunukan baƙar ƙasa da aka haƙo daga ramukan kwal. Kwal ne ya gina garuruwan nan, kamfanin ma'adinai ne ya yi gidaje da asibiti da filin ƙwallo. Ramin ƙarshe na yankin an rufe shi a Oignies a watan Disamba na 1990. A 2003 masana'antar narka darma ta Metaleurop da ke Noyelles-Godault ta rufe dare ɗaya, mutum fiye da 800 suka wayi gari ba aiki. Maƙwabcin garin shi ne Hénin-Beaumont, wanda ya yi shekara da shekaru a hannun 'yan gurguzu, har aka tsige magajin garinsu a 2009 kan almundahanar kuɗi. Da 2014 ta zo, Steeve Briois na jam'iyyar Le Pen ya cinye garin tun zagayen farko, a 2020 ya maimaita da fiye da kashi 70. Ita kanta Marine mazaɓar nan take wakilta a majalisa tun 2017.

Abokan aikina da yawa jikokin 'yan Poland ne da aka kawo haƙar kwal, sunan ma ya isa ya gaya maka. Wasu kakansu ɗan kwaminis ne mai kati. In ka tambaye su me ya sa RN, wato Rassemblement National, jam'iyyar Le Pen, amsar kusan iri ɗaya ce: mun gwada 'yan dama masu ra'ayin riƙau, mun gwada 'yan hagu masu gurguzu, su kaɗai ne ba mu gwada ba. Kuma ba su ɓoyewa yanzu. A da sai a yi ƙasa da murya, yau a ɗakin shan kofi wanda ba ya zaɓensu ne ke yin shiru.

Ummu_Hanifa:
Don Allah kada a fara wanke su. In talauci ne dalili, babu gundumar da ta kai Seine-Saint-Denis talauci a cikin Faransa ta Turai, nan nake zaune. A zagayen farko na 2022 Mélenchon, ɗan takarar hagu, muka ba kashi 49. Mu ba mu san tsadar haya ba ne? Mu ba ma tashi da asuba mu kama jirgin ƙasa mu je shara a ofisoshinsu? Talakan da ya zaɓi Le Pen ya san sarai abin da ta ce za ta yi wa mai ɗankwali, ya ji ya gani ya zaɓa.

Kabiru_KD:
Anti Ummu ta shigo da zafinta. Ni dai na kawo kujera, a ci gaba.

Malam_Nuhu_Zazzau:
Bakano ya yi tambaya mai kyau, abin mamaki. Amma sai mun koma baya kaɗan, domin jam'iyyar ba da leburori ta fara ba. An kafa ta da sunan Front National a 1972, a zaɓen 1974 Jean-Marie Le Pen, mahaifin Marine, ko kashi 1 bai samu ba. Shi kansa tushensa ƙungiyar Pierre Poujade ce, ta masu kantuna da ƙananan 'yan kasuwa masu kukan haraji, a ƙarƙashinta ya fara shiga majalisa a 1956. Lokacin da jam'iyyar ta fara ɗagowa, a Dreux a 1983 da zaɓen majalisar Turai na 1984 inda ta doshi kashi 11, yawancin masu zaɓenta 'yan dama ne da hawan ɗan gurguzu Mitterrand mulki a 1981 ya fusata: masu shaguna, masu sana'ar hannu, har da unguwannin masu kuɗi na Paris. Tsohon kuma a lokacin yabon Reagan yake yi, a rage haraji, gwamnati ta cire hannu daga kasuwa. Ba abin da ya haɗa wannan da lebura.

Juyin ya zo ne a hankali. Mitterrand ya hau da alkawarin sauya rayuwa, a 1983 ya juya zuwa tsuke bakin aljihu, aka shiga rufe masana'antun ƙarfe da ramukan kwal a ƙarƙashin gwamnatin da ma'aikata suka zaɓa da hannunsu. Wannan ciwon bai warke ba. Zuwa 1995 Le Pen ne na ɗaya a cikin leburori. Jam'iyyar kwaminis da ɗan takararta ya ci kashi 21 a 1969, a 2022 kashi 2 da 'yan kai ta samu. 'Yarsa da ta karɓi jam'iyyar a 2011 ita ta gane inda ƙuri'un suke, ta koma maganar fansho da albashi da kare ayyukan gwamnati, ta kori uban a 2015, ta sauya wa jam'iyyar suna zuwa RN a 2018.

Sadauki_Fagge:
Allah ya gafarta Malam, ashe Zazzagawa na karatu in sun ƙoshi. Wato kana nufin 'yan kwaminis ɗin ne suka kwashi kayansu suka koma gidan Le Pen?

Mushe_Isufu:
A nan ne nake so a yi hattara, domin masanan Faransa kansu sun daɗe suna jayayya a kai. Pascal Perrineau tun 1995 yake cewa akwai tsofaffin 'yan hagu da suka tsallaka. Nonna Mayer ta ce a'a, yawancin leburorin da ke zaɓen Le Pen ba su taɓa ɗaukar kansu 'yan hagu ba. Ni hujjarta ta fi gamsar da ni. Ko a zamanin da kwaminis ke tashe, akwai kaso mai yawa na leburori da De Gaulle suke zaɓa, musamman a ƙauyuka da ƙananan masana'antu inda mai aiki da maigida ke zuwa coci ɗaya. Waɗannan da 'ya'yansu su ne suka matsa can ƙuryar dama. Tsohon ɗan kwaminis kuwa galibi ko ya mutu yana kwaminis, ko ya daina fita zaɓe. Ɗansa ne, wanda bai taɓa shiga ƙungiyar ƙwadago ba, aikinsa kwangilar wata uku-uku a sito ko tuƙin babbar mota, shi ne ya tashi bai tarar da gidan siyasar ubansa ba.

Sannan wannan kashi 67 na Sadauki, a lura da su wa aka ƙirga. Sai wanda ke da takardar ɗan ƙasa, ya yi rajista, kuma ya fita ranar zaɓe. Maginin da ya zo daga Mali, mai wanke-wanke a gidan abinci daga Senegal ko Bangladesh, duk leburori ne, amma ba su da ƙuri'a. Cikin masu ƙuri'ar ma, leburori sun fi kowa zama a gida. A zagayen farko na zaɓen majalisa na 2022 fiye da rabin masu rajista a ƙasar ba su fita ba, kuma talakawa ne kan gaba a ƙin fitan. Saboda haka cewa leburorin Faransa na Le Pen ne ya yi yawa. Cewa cikin waɗanda ke fita ita ce ta ɗaya da tazara, wannan gaskiya ne.

DanDamagaram59:
Mushe, batun rashin fita na yarda, a sitonmu matasa da yawa ko inda rumfarsu take ba su sani ba. Amma ka zo nan ka gani. Akwai garuruwan da tutar kwaminis ta yi shekara hamsin a kai, yau RN ke cinye su da rata. Ba daga sama masu zaɓen suka faɗo ba. A Hayange ma, garin ƙarfe a Lorraine, magajin garin da RN ta kafa a 2014 tsohon ɗan ƙungiyar ƙwadago ta CGT ne.

Bala_Marseille:
Ku duk arewa kuke kallo. Ku gangaro kudu ku ga wata RN ɗin daban. Garuruwan da jam'iyyar ta ci a 1995 a nan suke: Toulon, Orange, Marignane, sai Vitrolles a 1997. Fréjus tun 2014, Perpignan tun 2020. Nan ba kwal, ba rufaffen rami. Akwai Turawan da suka baro Aljeriya a 1962 da zuriyarsu, da ɗacin da suka taho da shi. Akwai masu gyaran famfo da magina masu ɗan kamfaninsu, masu gidan burodi, 'yan fansho masu gidan kansu da ɗan lambu. Ni aikin wutar lantarki nake, gidajensu nake shiga, wallahi da yawa sun fi ni sau goma.

Wani mai bincike, Félicien Faury, ya zauna da irin waɗannan mutanen a yankin nan, kuma abin da ya gano ya yi daidai da abin da kunnena ke ji. Suna jin an matse su ta sama da ta ƙasa. Ta sama, attajiran Paris da na ƙasashen waje sun saye gidajen gaɓar teku, ɗan gari ba ya iya sayen gida a garin da aka haife shi. Ta ƙasa, unguwar da kuɗinsa zai iya kai shi ita ce wadda Larabawa da baƙaƙe ke ciki. Na saman yana ɗaukar su ƙaddara, ya ɗaga kafaɗa ya wuce. Na ƙasan su ne yake ganin ƙuri'a za ta iya maganinsu. To ka ga maganar aji ce, amma launin fata ne ke nuna masa inda zai huce.

Kuma mu a Marseille ba mu manta Ibrahim Ali ba, yaro ɗan shekara 17 ɗan asalin Komoro, da masu liƙa fastocin jam'iyyar suka harbe a watan Fabrairu na 1995. Duk kwat ɗin da za su sa yanzu, mun san gidan.

Hajiya_Kande:
Bari in sa baki, tunda duk maganarku ta maza ce, sito da rami da lantarki. Ni aikina kula da tsofaffi a gidajensu, a wani ƙauyen gabashin Faransa da ko sunansa na faɗa ba wanda zai gane. Duk masu wannan aiki mata ne, kuma a zamanin uban mata ba su cika zaɓensa ba, 'yar ce ta jawo su. Abokan aikina kusan duk Marine suke yi, haka suke kiranta, kamar wata yayarsu.

Ku san yadda rayuwar take. Albashi mafi ƙaranci ne ko ya ɗara da kaɗan. Daga gidan wannan tsohuwa zuwa na waccan tafiya ce mai nisa, ba bas ba jirgi, sai tsohuwar motarka mai shan dizal. Likitan garin ya yi ritaya ba a samu madadinsa ba, gidan waya rabin yini yake buɗewa, mai naƙuda sai an yi doguwar tafiya da ita. Shi ya sa da aka rage gudun mota daga 90 zuwa 80 a 2018, aka kuma ce za a ƙara harajin mai, mutanen nan suka sa riguna ruwan ɗorawa suka tare shataletale tun ranar 17 ga Nuwamba. Wanda ke Paris yana shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ba zai gane zafin ba.

Amma abin da na lura, ba su ne ƙarshen talauci ba. Suna da aiki, wasu suna biyan bashin ɗan gida. Abin da ke ci musu rai shi ne sun wuce layin samun tallafi da ƙiris, ba su kuma kai ga jin daɗi ba. Kullum zancensu: mu muna tashi da sassafe, mu ake cira, wasu na kwance ana ba su. In ka ce su wa, sai a ce ai kin sani. A ƙauyen nan baƙi ba su fi a ƙirga da yatsu ba, a talabijin suke ganinsu. Wata da muke shiri sosai, har abinci nake kai mata ranar Sallah, ta ce mini wai ba ke nake nufi ba, ke ai kina aiki. Na ce to yarana fa, in an zo fifita ɗan ƙasa wajen gida da aiki, a goshinsu za a rubuta cewa uwarsu na aiki? Ta yi dariya ta ce ina da rigima.

Ummu_Hanifa:
Hajiya, kin gama magana ai. "Ba ke nake nufi ba" ɗin nan kowannenmu ya sha ji. Shi ya sa nake cewa ƙiyayya ce. Mai shara a Bobigny ta gundumarmu da mai kula da tsofaffi a ƙauyenku albashinsu ɗaya, wahalarsu ɗaya, ƙuri'arsu ta rabu biyu. Me ya raba ta in ba asali ba? Kamfanin Ifop ya ce Musulmin da suka yi zaɓe a 2022 kashi 69 Mélenchon suka ba.

Hajiya_Kande:
Ƙanwata, ban ce babu ƙiyayya ba. Cewa na yi ba ita kaɗai ba ce. Matar nan da na faɗa ɗan gurguzu Hollande ta zaɓa a 2012, da bakinta ta gaya mini. Halinta game da baƙi ina jin tun can haka yake, amma a lokacin ba shi ke yanke mata ƙuri'a ba. Wani abu ne ya ture sauran ya dawo da shi gaba.

Awudu_Nima:
Ina gaishe da manya. Mu 'yan zango a Gana wannan labarin bai zame mana baƙo ba. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, Hausawa da Yarabawa da aka haifi wasunsu a Kumasi da Accra suka bar rumfuna da gidaje. Kakata ta ce waɗanda suka fi murna ba manyan attajirai ba ne, ƙananan 'yan kasuwa ne da ke hangen rumfar maƙwabci. A 1983 da kuɗin mai ya karye, Shagari ya rama, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka kwashi kaya a jakar da har yau sunanta ke bin ta. Don haka in ana maganar talaka ya huce a kan baƙo, kada mu yi kamar sai Bature.

Zakin_Sahel:
Ni ban ga abin damuwa ba. Gara ma Le Pen ɗin ta ci. Aƙalla ita ta fito fili ta ce a bar Afirka ta ji da kanta, ta soki kuɗin sefa. Masu yi mana murmushi su suka kwashe mana yuraniyom shekara hamsin.

Mushe_Isufu:
Zaki, ta faɗi haka, a Chadi ma ta faɗa a watan Maris na 2017 da ta je wurin Idriss Déby ana dab da zaɓe. Amma duba wa ke busa musu ƙaho a gida. Tashar CNews da rediyon Europe 1 da jaridar JDD duk a hannun Vincent Bolloré suke, mutumin da ya yi shekaru yana riƙe da tasoshin jiragen ruwa na Afirka kafin ya sayar a 2022, wanda ya shimfiɗa mana layin dogon Yamai zuwa Dosso da har yau bai yi aikin da aka ce zai yi ba. Wannan ma ya shafi tambayar Sadauki: ƙuri'ar daga ƙasa take fitowa, amma lasifikar ta masu biliyoyi ce.

Shugaban_Zaure:
'Yan uwa, sefa da yuraniyom suna da nasu zauren. Zaki, in kana so ka buɗe sabon zance. A dawo kan masu zaɓe.

Zainabu_Garoua:
Tambaya gare ni ga Anti Ummu. In asali ne kawai ke raba ƙuri'a, yaya za a yi da Guadeloupe, inda Le Pen ta ci kusan kashi 70 a zagaye na biyu na 2022? Martinique kashi 60 da ɗoriya, Guyane haka. Baƙaƙe ne fa, jikokin bayi. A 1987 jirgin ubanta ko sauka bai iya yi a Martinique ba saboda jama'a sun mamaye filin jirgin. Mayotte kuma kusan duk Musulmi ne, ta ci kashi 59.

Bala_Marseille:
Zainabu, abu biyu ne kika haɗa. A Guadeloupe da Martinique, a zagayen farko Mélenchon ne ya ci fiye da rabi. Da ya faɗi, sai suka ɗauki sandar da ta rage suka maka wa Macron: famfo ba ruwa, kaya sun fi na Paris tsada, gubar maganin ƙwarin ayaba a ƙasarsu da jininsu, ga rikicin tilasta wa ma'aikatan lafiya rigakafin korona a ƙarshen 2021. Wannan fushi ne, ba soyayya ba. Mayotte kuwa da gaske suke yi, har 'yar majalisa ta RN suka zaɓa a 2024. Kuma dalilin shi ne baƙi, 'yan uwansu na Komoro da ke tsallakowa a kwalekwale, addini ɗaya, harshe kusan ɗaya. Mai takarda talaka yana kare asibiti da makaranta daga wanda ya fi shi talauci. A Marseille muna da al'ummomin biyu, in aka taɓo zancen nan sai an raba.

Malam_Nuhu_Zazzau:
Ƙarin bayani kan muhawarar Mushe da mutumin Damagaram. Kada a ɗauka kwaminis ɗin da can tsarkakakku ne a kan baƙi. Ranar 24 ga Disamba 1980, a Vitry-sur-Seine, magajin gari ɗan kwaminis ya jagoranci mutane da katafila suka lalata mashigar wani masauki da aka kawo ma'aikata 'yan Mali wajen 300. Shugaban jam'iyyar, Georges Marchais, ya goyi bayansa, ya ce a dakatar da shigowar baƙi. Hujjarsu ita ce garuruwan masu kuɗi na turo musu nauyi. Ra'ayin yana nan a cikin ma'aikata tun can. Bambancin, a da akwai ƙungiya da jam'iyya da ke ce wa lebura abokin gabarka shi ne mai masana'anta. Da wannan muryar ta yi rauni, ɗayar ta samu fili. A 2011 ma wata cibiyar nazari mai kusanci da 'yan gurguzu, Terra Nova, ta ba su shawara a rubuce su nemi rinjaye wurin masu digiri da matasa da mata da 'yan tsiraru, tunda leburori sun yi nisa.

Aliyu_Lissafi:
Ba wanda ya taɓo abin da ya fi kowanne ƙarfi a alƙaluma: takardar makaranta. A zagayen farko na zaɓen majalisa na 2024, Ipsos ta ce waɗanda ba su da shaidar kammala sakandare kusan rabinsu RN suka zaɓa, masu digiri kuwa bai fi ɗaya cikin biyar da ɗan ɗori ba. Ka ɗauki malamin makaranta da mai gyaran famfo. Mai famfon zai iya fin malamin samu, amma shi ne ya fi kusa da RN. Wato ba nauyin aljihu kaɗai ba ne, har da wa ake saurara in ya yi magana, wa ake yi wa kallon bagidaje. Birnin Paris ya ba Macron kashi 85 a 2022.

Sai kuma masu kuɗin da ke da wannan ra'ayi, suna nan, ɗan takararsu ne daban. A zagayen farko na 2022 Éric Zemmour ya samu kashi 7 a ƙasa baki ɗaya, amma a gunduma ta 16 ta Paris da Neuilly da Versailles ya haura 17, inda Marine ko 10 ba ta kai ba. Maganarsa a kan Musulmi ta fi tata kaifi. Saboda haka duk mai cewa ƙin baƙi ciwon jahilai da matalauta ne, ya je ya duba waɗannan unguwanni.

Sadauki_Fagge:
To ni yanzu abin da ya rage mini, shin jam'iyyar tana yi wa leburan wani abu a majalisa, ko baki ne kawai? A 2022 sun samu kujeru 89, a 2024 suka kai 143 da abokan ƙawancensu. Ai an isa a ga kamun ludayinsu.

DanDamagaram59:
A watan Yuli na 2022 'yan hagu sun kawo a ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa yuro 1,500, 'yan RN suka ƙi. Na faɗa wa abokan aikina, ko a jikinsu. Ɗaya ya ce in an ɗaga, ƙaramin maigida ne zai rufe shago. Abin da suka riƙe shi ne alkawarin rage harajin mai da wuta da gas daga kashi 20 zuwa 5.5, da kuma adawa da ƙarin shekarun fansho daga 62 zuwa 64 da Macron ya tura a 2023 ba tare da ƙuri'ar majalisa ba. Wanda ya fara ɗaukar kaya tun yana ɗan 18, bayansa ya gama aiki kafin 60, wannan dokar ta ƙona shi fiye da duk wata maganar baƙi. Matsalarsu, mai shagon kudu da Bala ya faɗa so yake a rage kashe kuɗin gwamnati, na arewa so yake a ƙara.

Ummu_Hanifa:
To me ya haɗa su a jam'iyya ɗaya in buƙatunsu sun saɓa? Kun dawo inda na tsaya. Abu ɗaya ne mai shagon Fréjus da leburan Lens suka yarda a kai, mu ne. Ku cire maganar baƙi ku gani ko za su kwana ɗaki ɗaya.

Mushe_Isufu:
Hajiya Ummu, a wannan kam kina da ƙarfi. Sai dai hoton yana sauyawa, kada mu tsaya a na 2017. A zaɓen majalisar Turai na Yunin 2024 jerin 'yan takarar RN ƙarƙashin shugabanta Jordan Bardella ya ci kashi 31, ya zo na ɗaya a kusan kashi 93 na garuruwa da ƙauyukan ƙasar, har da Bretagne da ta daɗe tana ƙin su. 'Yan fansho, waɗanda a da tsoron a fita daga kuɗin yuro ke hana su, sun fara shigowa tunda an ajiye wannan maganar. Manyan ma'aikata ma wajen ɗaya cikin biyar. Éric Ciotti ya tsallako da wani ɓangare na tsohuwar jam'iyyar dama. A lokaci guda shugaban kwaminis, Fabien Roussel, ya rasa kujerarsa a arewa tun zagayen farko, a hannun RN. Tushen na nan a ƙasa, amma ginin yana hawa sama, kuma kowane bene da abin da yake so a ce masa.

Kabiru_KD:
Ni tambayata ga na Damagaram. Tunda kotu ta yanke mata hukunci a Maris na 2025 kan kuɗin majalisar Turai, ta hana ta takara shekara biyar, ko da yake ta ɗaukaka ƙara, in Bardella ne a takarda mutanen sitonku za su bi shi?

DanDamagaram59:
Sun rabu. Matasa suna son sa, a TikTok suka san shi, kuma labarin cewa ya tashi a benayen Saint-Denis wurin uwarsa yana shiga kunnensu. Manyan kuwa na Marine ne, sun gan ta a kasuwar Hénin da idonsu, wasu har hoto suke da shi. Wani direba da ya kusa ritaya ya ce mini yaron ya cika zama da masu kamfanoni, kuma a yaƙin zaɓen 2024 ya yi ta ja da baya a kan fansho, yau wannan gobe wancan. Na ce to wa za ka zaɓa? Ya ce shi ɗin dai, ko kuma ya tafi kamun kifi ranar. Hukuncin kotun kuwa ban ji wanda ya sauya ra'ayi saboda shi ba, cewa suke duk ɓarayi ne, ita ce kawai aka kama don ana tsoronta.